Littafin Bashin Kawu: Yadda Muka Sa Waya Ta Riƙe Lissafi Inda Babu Sabis

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana sayar da takin zamani da maganin feshi da iri a Daura. Shagonsa na cikin gari, amma cinikin gaske a ƙauye ake yin sa. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, yaransa 4 za su loda kamfa da yuriya su bi kasuwannin Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu. Mafi yawan abin da suke saukewa bashi ne, sai kaka ta yi a biya, wani da kuɗi, wani da gero ko wake. Kowane yaro na da littafinsa mai kauri da ake ɗaure wa da roba. Da daddare Kawu zai zauna kan darduma yana kwafe littattafan nan cikin babban littafi, yana tsaki duk inda gumi ya jiƙa shafi ko yayyafi ya wanke lamba.

Ni ne ɗan gidan da ya karanta kwamfuta, saboda haka duk abin da ya shafi waya a kaina yake ƙarewa. Na ce masa zan haɗa musu manhaja da yaran za su riƙa shigar da ciniki a wayoyinsu, shi kuma ya ga jimla daga shago. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, in sun shiga inda babu sabis fa?" Na ce, "Kawu, sai ta riƙe, in sun dawo gari ta tura." Ya ce, "Wayar ce za ta riƙe, ko kai?" Na yi dariya. Ban san tambayar nan za ta ci mini damina guda ba.

Tambayar tana da dalili. Duk wanda ya wuce Mai'aduwa ya doshi Kwangwalam ya san yadda waya kan yi tsalle ta kama layin Nijar. Ranar kasuwa kuma, ko a inda sabis ya cika sanduna, taron jama'a kan danne shi, ka ga waya na nuna tana da intanet amma ko gaisuwa ba ta fita. Sannan a jihar nan ta Katsina ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Funtuwa da Malumfashi, wurare da yawa sai a Disamba aka maido. Yankin Daura bai shiga ciki ba, amma abokan kasuwar Kawu na can sun gani a ƙwaryar cinsu. Saboda haka ma'aunin da na ɗora wa kaina shi ne manhajar ta iya aiki makonni ba tare da ta ga intanet ba.

Na zaɓi manhajar da ake buɗewa a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, maimakon wadda ake saukewa daga Play Store. Wayoyin yaran Tecno ne da itel, kullum kukan cikewa suke yi, kuma shi ɗan adireshi ta WhatsApp ake tura shi a danna. In na gyara wani abu ba sai na bi kowa ina roƙon ya sabunta ba. Wannan zaɓi ne ya jefa ni cikin tambayar da wannan rubutu ya ginu a kanta: a ina burauza ke ajiye kaya, kuma wace ma'ajiya ce za a iya ba amanar bashin mutane?

Abu biyu ne, kada a haɗa su

Na farko, ita manhajar kanta ta buɗe babu intanet. Na biyu, abin da aka rubuta cikinta ya zauna. Na farkon bai ba ni wahala ba. Akwai wani ɗan kod, wato rubutaccen umarnin da na'ura ke bi, da masu sana'ar ke kira sabis-woka, ni kuwa mai gadi nake ce masa, domin aikinsa ke nan: yana tsaye tsakanin shafi da intanet, duk abin da shafin ya nema ta hannunsa yake bi. Ranar farko da aka buɗe manhajar yana kwashe fayilolinta ya zuba a ma'ajiyar da ake kira Cache API, daga nan ko babu sabis shi zai miƙo su. Chrome ta fara tafiya da shi a 2015, Safari ta iPhone sai a 2018. Sharaɗinsa adireshin ya zama mai kulle, wato wanda ya fara da https. Akwai tsohuwar hanya mai suna AppCache da za ka ci karo da ita a tsofaffin darussa, burauzoji sun cire ta, kada ka ɓata lokacinka.

Na biyun ne ya ƙone ni.

Kukis, wato 'yan guntayen bayanan da shafi ke bari a burauza, ban ko tsaya a kansu ba. Kowane ɗaya bai wuce kilobait 4 ba, kuma duk saƙon da waya za ta aika wa saba, wato kwamfutar da ke can intanet tana tara bayanan, sai sun bi shi, an ci data a banza. Aikinsu shaida cewa wane ne ya shigo, ba riƙe lissafi ba. Ita ma sessionStorage da an rufe shafi ta tafi da abin da ke cikinta. Sai localStorage, wadda ta yi mini kama da amsa: layi ɗaya ka ajiye, layi ɗaya ka ɗauko, kuma ko an kashe waya an kunna tana nan. Na tattara dukkan ciniki na mayar da shi doguwar jimla guda, domin rubutu zalla kawai take karɓa, na ajiye ƙarƙashin suna ɗaya. Duk sabon ciniki sai a ɗauko jimlar, a ƙara, a mayar. Na gwada a ɗakina na kashe data, ya yi aiki sumul. Yaran suka fara kirana Injiniya.

Makonni 3 komai lafiya. Sai Kawu ya kawo buƙata mai ma'ana. Manomi kan zo da kaka ya ce buhu 2 ya karɓa ba 3 ba, shi ya sa ake rubuta rasit ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kawu ya ce a riƙa ɗaukar hoton rasit ɗin a haɗa da cinikin. Na ce an gama. Tunda localStorage ba ta karɓar hoto, na mayar da kowane hoto haruffa, dabarar da ke ƙara masa nauyi da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ban zauna na lissafa ba shi ne iyakar ma'ajiyar kusan megabait 5 ce ga kowane adireshi. Hoton kilobait 300 ya koma 400. Hotuna goma sha biyu zuwa sha uku sun cika ta.

Ranar kasuwar Mai'aduwa ta cika a wayar babban yaron Kawu, tun kafin azahar. Idan localStorage ta cika tana jefo kuskure mai suna QuotaExceededError, kuma abin da ke ciki na da yana nan yadda yake, sabon ne ba ya shiga. Laifina na biyu, wanda ya fi na farko muni, shi ne na kewaye wurin ajiyar da kod mai kama kuskure don kada manhaja ta tsaya, amma ban sa ya faɗa wa kowa komai ba. Ya kama ya haɗiye. Allon kuma yana nuna jerin ciniki daga abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ta wayar, don haka yaron yana ganin kowane suna na shiga, hankalinsa kwance. Wajen la'asar ya amsa kira, ya leƙa WhatsApp, Android ta ga wuri ya yi mata kaɗan ta kashe Chrome a bayan fage, kamar yadda take yi a ƙananan wayoyi. Da ya dawo shafin ya sake buɗewa daga ma'ajiya. Ciniki 19 babu su.

Bayan isha'i aka aiko a kira ni. Na tarar da yaron a tsugune bakin ƙofar shago, wayar a ƙasa gabansa kamar kayan sata, yana rantsuwa. "Wallahi Alhaji na shigar, da idona na gani." Kawu bai ɗaga murya ba, kuma wanda ya san shi ya san hakan ya fi faɗa zafi. Buhunan da aka loda da safe da waɗanda manhaja ta nuna sun sha bamban, kuma a kasuwa in lissafi ya ɓace a hannun yaro, suna ɗaya ake kiran abin da shi. Na karɓi wayar na jona da kwamfutata, cikin minti biyar na ga inda gizo ke saƙa. Na ce, "Kawu, ba shi ba ne, ni ne." Ya dube ni ya ce, "Ashe dai kai ne za ka riƙe." Abin da ya cece mu kabon ɗin littafin rasit ne, wanda da bakina na ce a daina wahalar ɗauka, yaron kuwa bai daina ba.

Sake gini

Na zauna na bi sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun farko. Akwai Web SQL, wadda ta so ta ja ni domin na saba da SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, amma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta janye hannu daga gare ta tun 2010, Firefox ba ta taɓa karɓar ta ba, Chrome ma ta fara cire ta a ƙarshen 2023. Gina gida a kanta gini ne a kan kabari. Akwai sabuwar hanya ta sa SQLite kanta, wato wani ƙaramin rumbun bayanai mai amfani da SQL, ta yi aiki cikin burauza, wadda masu ita suka fitar a 2022, tana ajiye fayilinta a wani keɓantaccen wuri da burauza ke ware wa kowane adireshi. Abu ne mai kyau ga wanda ke da dubban layuka da tambayoyi masu sarƙaƙiya, amma ga yara 4 da manoma 'yan ɗaruruwa, ɗaukar gatari ne a yanka albasa, ga nauyin saukewa a kan data ta ɗari biyu. Na kuma duba PouchDB, rumbun cikin burauza wadda ke daidaita kanta da CouchDB, takwararta ta kan saba, ba tare da ka rubuta komai ba. Ta burge ni ƙwarai, sai dai rumbun sabarmu MySQL ne ba CouchDB ba, kuma ban shirya rushe wannan ɓangaren ana tsakiyar damina ba.

Na tsaya a kan IndexedDB, wadda ita PouchDB ɗin ma a kanta take zaune. Rumbun bayanai ne na gaske da ke cikin kowace burauza ta zamani, W3C ta tabbatar da ƙa'idarsa a 2015. Yana karɓar hoto a matsayinsa na hoto, yana da fihirisa da za ka nemo manomi da suna ko da ƙauye ba sai ka zazzage komai ba, kuma ba ya daskarar da allo lokacin da yake rubutu. Wannan na ƙarshe yaran sun lura da shi kafin ni: localStorage takan tsayar da komai har sai ta gama, shi ya sa da jimlar ta yi tsawo wayar itel kan yi sanƙarau duk sanda aka danna ajiye. Aibinsa ɗaya, rubuta kod ɗinsa kai tsaye azaba ce, kamar cike fom ɗin banki. Na ɗora masa Dexie, ɗan ƙaramin ɗakin kod da ke sauƙaƙa shi, na huta.

Na yi rumbuna 4: manoma, ciniki, hotuna, da layin jira, wato jerin abin da ba a tura ba tukuna. Babban abin da IndexedDB ya ba ni shi ne ƙulla rubutu da yawa su zama ƙulli guda, ko duka su shiga ko babu wanda zai shiga. Ciniki da hotonsa da gurbinsa a layin jira tare suke tafiya. Kuma allon ba ya cewa "an ajiye" sai rumbun ya amsa cewa ƙullin ya kammala. In ya ƙi, jan allo ne ke fitowa da manyan baƙaƙe: BA A AJIYE BA, RUBUTA A LITTAFI. Hotunan ma na sa ana rage girmansu kafin ajiya, faɗin ɗigo 800 ya isa a karanta rasit a ga dangwale. Wani tarko da ya cinye mini dare guda, na faɗa don wani ya tsira: idan ka buɗe ƙulli sannan ka tsaya jiran amsa daga intanet a tsakiyarsa, burauza na rufe shi da kanta, rubutun da ya biyo baya ya faɗi. Ka gama da rumbu tukuna, sannan ka nemi saba.

Na ɗauka an gama. Ashe ajiyewa ce mai sauƙi, turawa ce aikin.

Burauza na da wata alama da ke cewa akwai intanet ko babu. Maƙaryaciya ce, ko in yi mata adalci, abin da ta sani kawai shi ne wayar na jone da wani layi, ba ta san ko saƙo na fita ba. A kasuwa kullum cewa take akwai. Na daina tambayarta. Yanzu manhajar kan gwada turawa ne kawai, in amsa ba ta zo cikin ɗan lokaci ba ta haƙura, ta ƙara tazara kafin gwaji na gaba don kada ta shanye batir. Chrome ta Android na da wata dama ta tura saƙo a bayan fage idan sabis ya dawo ko da an rufe shafin. Na yi amfani da ita, amma ban jingina da ita ba, domin Safari da Firefox ba su da ita.

Sai ga wani manomi na Baure ya bayyana da bashin buhu 6 alhali 3 ya karɓa. Ga yadda aka yi: waya ta tura cinikin, saba ta karɓa ta rubuta, amsar "na karɓa" ta ɓace a hanya saboda motar ta shiga kwari. Wayar ta ɗauka bai je ba, ta sake turawa. Da wannan ya kai kaka ba a gano ba, da an ci zalin bawan Allah da hujjar kwamfuta, wadda ta fi ta littafi wuyar musantawa a gaban mutanen da ke ganin na'ura ba ta kuskure. Maganin shi ne kowane ciniki ya samu lambar shaidarsa tun a waya, doguwar lamba ta bazata wadda burauza ke iya haifarwa da kanta, ba saba ce za ta ba shi lamba ba. In saba ta ga lambar da ta taɓa gani sai ta ce na karɓa, ba tare da ta sake rubutawa ba. A tura sau goma, sau ɗaya zai shiga.

Gyaran da na fi alfahari da shi kuwa daga babban littafin Kawu na kwaikwaye shi. Da farko kowane manomi na da gurbi guda na "abin da ake binsa", wanda ake sauyawa duk sanda ya karɓa ko ya biya. To a ce manomi ya biya wani abu a hannun yaro ɗaya a Zango ranar da babu sabis, ɗansa kuma ya karɓi maganin feshi a hannun wani yaron a Sandamu. Waya biyu, kowace da tata jimlar, wadda ta tura daga baya ta shafe ta farko. Ina cikin wannan tunani na lura Kawu bai taɓa goge lamba a littafinsa ba. Layi yake ƙarawa: ya karɓa kaza, ya biya kaza, in an yi kuskure ya rubuta wani layin da ke warware shi. Jimla sai ranar da ake buƙata ake haɗawa. Na mayar da manhajar haka. Ba a gyara ciniki, ba a goge shi, sai dai a ƙara. Layukan da ba sa sauyawa ba sa karo da juna, ko ta wace waya suka zo, ko wanne ya riga wanne. Agogon wayoyin ma ban yarda da shi ba, tunda akwai wadda in an cire batir take komawa shekarun baya, don haka saba na rubuta nata lokacin kusa da na wayar.

Masu share rumbu

Nan ne na fahimci abin da ya sauya mini kallon aikin gaba ɗaya: wurin da burauza ta ba ka aro ne. Chrome kan bar adireshi guda ya ci har kashi 60 cikin 100 na girman ma'ajiyar na'ura, wanda a takarda ya fi ƙarfin buƙatarmu nesa ba kusa ba. Amma wayar da bidiyon biki da wa'azi da wasan Hausa suka cika ba ta da wannan sararin, kuma idan wuri ya ƙure burauza na da ikon korar kayan adireshin da aka fi daɗewa ba a buɗe ba. In za ta kora kuma ba ta tsintar wasu ta bar wasu, duka take kwashewa, da rumbun da fayilolin mai gadi. Akwai roƙo da manhaja kan iya yi cewa a mayar da ajiyarta mai ɗorewa. Firefox kan tambayi mai waya, Chrome kuwa ita ke yanke hukunci shiru, tana duba ko ana yawan amfani da shafin ko an ɗora shi a fuskar waya. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na ɗora manhajar a fuskarsu, na ga an amsa roƙon.

Wannan ya tsare mu daga burauza, bai tsare mu daga mutane ba. Ƙaramin yaron ya kai wayarsa caji wurin mai janareta a bakin tasha, ya yi masa ƙorafin tana nauyi. Shi kuma don kyautatawa ya shiga saiti ya share bayanan manyan manhajoji, har da Chrome. Ya wanke ta tas, ya karɓi ɗari biyunsa. Ciniki 7 na jiran turawa suka bi ruwa, kuma babu wani kod a duniya da zai hana mai waya share wayarsa. A wannan karon rasit na nan, cikin rabin awa aka sake shigar da su. Amma daga ranar na sa wata lamba a saman allo, ja ce muddin akwai abin da bai tafi ba: saura 7, saura 3. Sai ta koma kore yaro ke da izinin ba wani wayarsa. Kawu ya ɗauki wannan doka da kansa, kuma ta fi duk abin da na rubuta aiki. Na ƙara maɓallin da ke fitar da abin da ke layin jira a matsayin fayil na rubutu, wanda za a iya tura wa wayar Kawu ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba. In aka sake katse layuka na makonni, ta nan lissafi zai riƙa isowa shago.

Sauran ramukan ƙanana ne amma kowanne ya taɓa mu. Ma'ajiyar kowace burauza daban take: yaro ya shigar da ciniki a Chrome, washegari ya danna adireshin ya buɗe a burauzar da ta zo da wayar, ya ga wayam, ya kira ni a firgice. Kayansa na nan, ƙofa ya ɓata. Opera Mini, wadda mutanenmu ke so saboda tsimin data, a yanayinta na matsanancin tsimi sabar kamfanin ce ke haɗa shafin ta aiko da shi a shirye, don haka babu rumbu babu mai gadi. Na sa manhajar ta gane hakan ta ce a buɗe da Chrome. Shafin sirri na burauza, wato incognito, kuma da an rufe yake zubar da komai. Babban ɗan Kawu mai iPhone ya zo da nasa: tun 2020 Safari kan share abin da shafi ya ajiye idan aka yi kwana 7 ana amfani da burauzar ba a taɓa shafin ba, sai dai in an ɗora shi a fuskar waya. Shi duba jimla kawai yake yi, bai yi asarar komai ba, amma da yaran kasuwa ne ke riƙe da irin wayar da sai na sake lissafi.

Akwai wanda na kusa jawowa da hannuna. Na samu adireshi mai sauƙin faɗa na so in mayar da manhajar can. Ajiyar burauza a ɗaure take da adireshi, sabon ba ya ganin abin da tsohon ya ajiye ko da manhaja ɗaya ce. Da na sauya a ranar, duk abin da ke layin jira a wayoyi 4 ya maƙale a gidan da aka tashi. Na dakata har ranar Juma'a da kowa ke gari, na ga kore a kowace waya da idona, sannan na sauya.

Batun sirri ban warware shi yadda nake so ba. Abin da ke cikin IndexedDB ba a kulle yake ba, wanda ya samu wayar a buɗe kuma ya san hanya zai karanta. Bashi kuwa sirrin mutum ne, magidanci ba ya son a san ya ci taki bashi. Abin da na iya yi shi ne kowace waya na ɗauke da manoman kasuwannin da mai ita ke zuwa kawai, hotunan rasit kuma da sun isa saba ake goge su daga wayar bayan mako 2, sannan kowa dole ya sa wa wayarsa makulli. Lambar sirrin da ke kan manhajar kanta labule ce, tana hana ɗan leƙe, ba ta hana ɓarawo.

Da kaka ta zo aka zauna karɓar bashi a shago, buhunan gero jingine har bakin ƙofa, Kawu na kan kujerarsa da babban littafin a cinya, ni ina gefe da kwamfuta. Bai daina kwafewa ba duk tsawon daminar, sai dai yanzu daga allo yake kwafa maimakon littattafai 4. Duk manomin da ya shigo sai Kawu ya karanto nasa, ya ɗago kai ya dube ni, in karanto nawa. Sau 2 muka saɓa. Na farko shi ne ya tsallake layi. Na biyu yaro ne ya zaɓi sunan wani manomi a maimakon ɗan'uwansa, sunansu ɗaya, ƙauyensu ɗaya, kuma babu rumbun da zai gane wannan. Hoton rasit ne ya raba gardama. Daga cikin ciniki 19 na ranar Mai'aduwa, 18 sun fito daga kabon. Ɗayan kabon ya goce, ana ganin buhu 2 na yuriya amma sunan bai fito ba, kuma har aka gama karɓar bashi ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Kawu ya rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin, a gurbin suna ya sa nawa.